Kiɗan da Na Kashe a Waya

Baba makaɗin noma ne. A ƙauyenmu, nan gefen Minjibir, duk gayyar da aka yi babu gangarsa, mutane ba sa sa ta a lissafin gayya. Wajen ubansa ya gada, uban ma wajen nasa uban. Ni ne ɗan farinsa, kuma ni kaɗai ne namijin da Allah ya bar masa, saboda haka kowa ya ɗauka a kafaɗata gangar nan za ta ƙare. Ni kuwa tun ina sakandare na yanke ba ni ba ita. Ranar da wani a ajinmu ya ce mini ɗan maroƙa, sai da aka ɓamɓare ni daga wuyansa. Daga ranar ko gula, sandar nan mai lanƙwasa da ake kiɗan da ita, ban ƙara ɗagawa ba. Baba bai ce mini komai ba. Da ma can ba ya ce mini komai. Kunyar ɗan fari ta hana shi ko faɗin sunana. In ni yake nufi, “kai” nake. In da Inna yake magana, “yaron nan” nake.

Daminar da yanar ido ta rufe masa gani, na baro Kano, inda nake karatun koyon malanta, na dawo gida don in riƙe gona. Na dawo da jaka ɗaya, da girman kai mai yawa, da waya mai wani gem a ciki.

Gem ɗin ba shi da wani tarkace. Wani ɗan mitsitsin mutum ne yake gudu shi kaɗai, ba ya tsayawa, ba ya waiwaye. Gabansa ramuka ne da ƙayoyi da wasu tudunni da suke fitowa su ɓace. Aikinka ɗaya ne, ka taɓa gilashin waya da babban yatsa, shi kuma ya yi tsalle. In ka yi gaggawa ya faɗa rami, in ka yi jinkiri ƙaya ta soke shi. Ko wanne ya faru, sai a mayar da kai farkon matakin kamar ba ka taɓa yin komai ba. Akwai kiɗa a ciki, amma ni ban san shi sosai ba, domin a bayan aji na koyi gem ɗin, waya a ƙarƙashin benci, malami yana ta bayani, murya a kashe. Da ido na haddace shi. Bayan ƙaya biyu sai rami, bayan rami ka ƙirga uku, sannan tsalle biyu a jere. Wata huɗu na yi ina wannan haddar har na kai mataki na tara, a nan kuma na maƙale. Akwai wata gada a ƙarshensa da take karyewa gunduwa-gunduwa a ƙarƙashin ƙafar mutumin. Ban taɓa haye ta ba.

Wanda ya zo ya dagula mini lissafi taubashina ne, ɗan Goggo ƙanwar Baba. Sa’ana ne, wata uku kawai na ba shi. Facin taya yake yi a bakin titi, inda motocin Kano suke tsayawa ɗaukar fasinja. Tun muna yara nake ce masa bawana, tunda ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, shi kuma ya ce mini ubangidan da ba shi da ko akuya. Kullum bayan la’asar yakan rufe rumfarsa ya zo gaida kawunsa, ya tarar da mu a gindin darbejiyar ƙofar gida, Baba yana tufkar igiya da lalube, ni ina fama da waya.

Ran nan ya leƙo ta kafaɗata ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan wane irin gem ne shiru kamar zaman makoki?”

Na ce, “Ba na masu faci ba ne. Cire mini hannunka, duk baƙin taya.”

Ya fizge wayar. Abin da ya fara yi shi ne ya ƙure murya. Kiɗa ya tashi, wani irin dum-dum mai sauri da ƙaramin kaɗe-kaɗe a samansa. Ya faɗa rami sau uku a jere, na yi dariya har da buga cinya. A na huɗu sai na ga ya fara gyaɗa kai. Ƙafarsa ta dama ta shiga taka ƙasa. Ya wuce matakin farko, ya wuce na biyu, bai ko tambaye ni me ke gaba ba. Na daina dariya.

Mako ɗaya. Wallahi mako ɗaya ya yi ya iso inda na yi wata huɗu kafin in kai. Kuma ba waya gare shi irin wannan ba, tasa ƙaramar mai maɓalli ce, da roba ya ɗaure ta. Da tawa wayar, da cajin da ni na taka har shagon mai sola na yi, da su ya zo ya kamo ni. Wani lokaci ma ba ya kallon gilashin sosai. Yana hira da kawunsa, yatsa yana aiki, mutumin yana ta tsallake ramuka sai ka ce a gonar ubansa.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma Baba ya fara saurare.

Na lura igiyar takan tsaya a hannunsa in kiɗan ya tashi. Wata rana muna karɓa-karɓa, in ka faɗi ka miƙa wa ɗan’uwanka, sai Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Yanzu mai faci ne ke riƙe da ita.”

Taubashina ya ce, “Kawu, ya aka yi ka sani?”

“Ina jin yatsanka a kan gilashin. Kai kana sauka tare da kiɗan. Wancan kuwa sai ya ga ramin da idonsa sannan yake taɓawa, kullum a makare yake zuwa.”

Wancan. Ina zaune taku biyu daga gwiwarsa, amma wancan nake. Taubashina ya bushe da dariya ya ce, “Ka ji ko, ubangida? A makare kake zuwa.” Na yi yaƙe kawai.

Daga nan hirar yamma ta sauya. Baba ya shiga gaya masa abubuwan da ni, da aka haife ni a ƙarƙashin gangar nan, ban taɓa ji daga bakinsa ba. Wai in kana yi wa manoma kiɗa kada ka zuba ido a kan barden da ke gaba, wannan ko babu ganga zai yi noma. Ka dubi gadon bayan wanda ya fi kowa gajiya, da shi za ka auna saurinka. Wai gula tana sauka gabanin garma da ɗan kaɗan, don garmar ta tarar an share mata wurin sauka. Taubashina yana ta “to, Kawu,” “ashe, Kawu,” yana gwadawa da tafin hannu a kan gwiwa. Baba yana gyara masa, har da dariya. Dariya fa, da haƙora a waje! Ni shekara ashirin da huɗu ina gidan, ban taɓa samun wannan dariyar ba. Na san kunya ce ta hana, na san haka kowane uba yake da ɗan farinsa a garinmu, amma sanin bai rage mini komai ba. Ƙyashi nake yi, ƙyashi sosai, irin wanda yake hana mutum jin daɗin abinci. Inna ma sai da ta ce, “Wai kai da tuwon nan faɗa kuke yi?”

Ana cikin haka aka aiko daga unguwar gabas. Wani dattijo zai kira gayyar maimai a gonar dawarsa nan da mako uku, yana neman Baba. Gayya ta yi ƙaranci yanzu, garmar shanu da maganin feshi sun cinye ta, a shekara da ƙyar a yi biyu. Ɗan aiken da ya ga idon Baba sai ya fara kame-kame, domin makaɗi bin manoma yake yi kunya-kunya, ba a zaune ake kiɗan noma ba. Baba ya ce, “Je ka ce masa za a samu mai kiɗa.”

Ban tambayi ko wane ne ba. Na sani. Kuma ka ji ikon Allah, gangar da na yi shekara goma ina kauce wa ko inuwarta, ranar nan na shiga ɗakin Baba ɗauko tabarma, na tsaya ina kallon ta a rataye a jikin bango kamar za a raba ni da hannuna. Ba son kiɗa nake ba. Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne in ga ta fita daga gidanmu a kafaɗar mai faci.

Sai na yi dabara, irin dabarar mai jin haushi. Na ce a raina, ai duk wannan abin kiɗan gem ne ya jawo shi. In babu kiɗa, ni ne gwani, tunda ni na haddace hanya. Na shiga cikin saitin gem ɗin na kashe sautinsa gaba ɗaya, ta inda ko ya danna maɓallin ƙara murya babu abin da zai fito. Da yamma da ya zo na ce sifika ta lalace, ruwa ya taɓa ta a gona. Sannan na ɗaga murya yadda Baba zai ji da kyau, na ce, “Yau za a san gwani. Mataki na tara, kowa sau biyar, a ga wanda zai fi nisa.”

Na fara. Na wuce ƙayoyi, na wuce ramuka, na ƙirga ukuna, na kai har bakin gada sannan na faɗi. Sau biyar ina kaiwa bakin gada. Na miƙa masa.

Kai, ranar na ji daɗi! Rami na biyu ya faɗa. Ya sake, ƙaya ta soke shi. Ya sake, ya yi tsalle inda babu komai ya sauka a kan ƙaya. Kansa ya daina gyaɗawa, ƙafarsa ta tsaya cik, gumi ya tsatso masa a hanci. Ina faɗa wa Baba duk faɗuwa ɗaya da babbar murya, kamar mai shela a kasuwa. “Ya faɗa! Ya kuma faɗawa! Bawa dai bawa ne, Baba, a mayar da shi wajen tayoyinsa.”

Baba ya ajiye igiya. Ya ce, “Miƙo mini ƙwaryar can.”

Ƙwaryar da aka kawo masa fura a ciki ce, ya shanye. Na miƙa masa, ban san me zai yi da ita ba. Ya kife ta a kan tabarma tsakanin ƙafafunsa, ya ƙwanƙwasa ta sau biyu da yatsu, ya ce wa taubashina, “In mutumin naka ya fara gudu, ka ce mini yanzu.”

“Yanzu, Kawu.”

Sai ga kiɗan mataki na tara yana fitowa daga ƙwaryar fura. Tsigar jikina ta tashi. Dum-dum ɗin da gindin tafin hannu yake yin sa, ƙananan kuma da yatsu, har wurin nan da kiɗan yake ɗan ɗaukewa kafin ya dawo da ƙarfi. Tsohon da bai taɓa ganin gem ɗin da idonsa ba, ashe duk yammacin nan da yake tufka yana kwashe shi yana adanawa. Karon farko ba su daidaita ba, mutumin ya faɗa rami na huɗu. Baba ya ce, “Na ɗan yi gaba. Sake.” Karo na biyu suka kai tsakiya. Karo na uku kan taubashina ya dawo da gyaɗawa, ya wuce tsakiya, ya iso bakin gada. Baba ya ƙara wa ƙwaryar wuta, yatsan taubashina yana sauka tare da nasa, tsalle, tsalle, tsalle, gadar tana zubewa a bayan mutumin. Ya haye. Gadar da ta hana ni barci wata da watanni, a gaban idona, a wayata, da ƙwaryar furar gidanmu aka haye ta.

Taubashina ya yi ihu ya miƙe tsaye. Ni kuwa na fizge wayar na ce, “Ni ma a yi mini.” Baba bai musa ba. Na ce yanzu, ya fara. Amma kiɗan sai ya rikita mini ƙirgata. Idona yana ce mini jira, ƙwarya tana ce mini tafi, na rasa wanda zan bi, na faɗa ramin da ko a makon farko ba na faɗa masa. Sau uku. A na ukun Baba ya ɗora tafin hannu a kan ƙwaryar, ta yi shiru.

Ya ce, “Sifikar da ruwa ya taɓa, ba ita na ji tana kiran sallar azahar ɗazu a aljihunka ba?”

Na tura wayar aljihu. Taubashina, da ya saba ya samu irin wannan ya yi mako yana jan ta, ranar ko murmushi bai yi ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Wallahi da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Tausayin nan nasa ya fi komai ƙona mini rai.

Sauran kwanakin a zaure suka yi su. Baba bai sauko da ganga ba, tsohuwar jarka ya sa aka kawo, ya ba taubashina gula. Da ma tun muna yara shi ke buga mana gwangwani lokacin tashe, hannun a sake yake. Ina dawowa daga gona in ji su, kiɗan fita, kiɗan juyawa a ƙarshen kunya, gaisuwar barde. Sai in wuce ta gabansu in yi sallama a daƙile, in shige ciki. Amma katangar zaure ba ta tare sauti, kuma duk abin da ake koya masa na san shi. Da shi aka yaye ni. In ya yi kuskure, kafin Baba ya ce “a’a” na riga na ce a raina. Gem ɗin kuwa ban ƙara buɗe shi ba, na ce wa kaina na yara ne.

Ranar gayya, gari ya waye tas, ina wasa garmata a tsakar gida, na ji Baba daga ɗaki ya ce, “Kai.”

Na shiga. Ya ce, “Sauko da ita.”

Na sauko da ita. Ta fi yadda nake zato nauyi, tana ƙanshin hayaƙi da tsohuwar fata.

“Rataya.”

Na rataya. Ya miƙo hannu yana lalube har ya samu kafaɗata, ya gyara mini zaman maɗaurin, ya ja shi ya ɗan sassauta, ya soke mini gula a ɗamara. Rabon da hannun Baba ya taɓa jikina har na manta. Na ce a raina, ashe dai jini jini ne, ashe duk wancan don ya zaburar da ni ne. Har na fara tunanin yadda zan yi da kiɗan juyawa.

Ya ce, “Kai wa mai faci can gona, yana jira. Ba na so a ce ya shigo gidan nan ya ɗauka. Daga hannunka nake so ta fita.”

Na fita da ita a kafaɗa.

Daga gidanmu zuwa unguwar gabas hanya ce siririya tsakanin gonaki, dawa ta kai ƙirji dama da hagu, raɓa tana jiƙa mini wando. Ganga tana bugun ƙugu na duk taku ɗaya. Na yi tunanin in jefa ta a kududdufi. Na yi tunanin in soka mata ƙaya in ce hanya ce. Allah na tuba, duk na yi wannan tunanin. Da na iso gindin tsamiyar da ke kan iyakar gonarmu, na duba gaba da baya babu kowa, sai na tsaya. Na zaro gula. Na buga gaisuwar barde, tun daga farko har ƙarshe, sau ɗaya. Tsuntsaye suka tashi daga cikin dawa. Na mayar da gula na ci gaba da tafiya.

A bakin gona na same shi, ya sa wankakkiyar riga. Na cire gangar na rataya masa ban dube shi ba. Ya ce a hankali, “Na gode, ubangida.” Na ce, “Ka riƙe ta da kyau, ba taya ba ce.” Na shiga layin manoma da garmata.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi kiɗa. Ya ɗan rikice a kunyoyin farko, daga baya ya zauna daram. Abin da ya fi ba ni haushi, garmata tana sauka daidai da gularsa ko ban so ba. Na gwada in saɓa masa da gangan, bayana ya ƙi. Har aka tashi da azahar a kan kiɗansa nake noma, ina jin mutane suna cewa ai gangar ba ta yi maraici ba.

Na dawo gida na tarar da Baba a zaure shi kaɗai. Na gaishe shi zan wuce, ya ce, “Zauna.” Na zauna a bakin tabarma.

“Iska ta kawo mini gayyar har nan. Ya yi ƙoƙari.”

“Ya yi.”

“Amma kafin a fara, da sassafe, na ji wani ya tsaya wajen tsamiya ya buga gaisuwar barde.”

Na ji kunya ta rufe ni. Na ce, “Ni ne, Baba.”

“Na sani.” Ya murza gemu. “Ba ka bar ko ɗaya ba. Ka yi gaggawa a juyi na uku, kuma kana riƙe gula kamar mai shirin dukan jaki. Amma hannun yana nan. Da na samu wata biyu, da na gyara maka shi.”

Tunda nake, wannan ne yabo na farko da na taɓa ji daga bakinsa. Na matsa kusa da shi, na ce, “To a gyara mana, Baba. Ko yau ma sai mu fara.”

Ya juyo da fararen idanunsa wajen da muryata take.

“Da me? Ganga ɗaya ce, kuma da hannunka ka kai ta.”